Chiado: Tsohuwar Unguwa Mai Sabon Bango

A saman titin Garrett da ke birnin Lisbon, babban birnin ƙasar Fotugal, akwai wani gidan shan gahawa mai suna A Brasileira. A ƙofarsa an girke mutum-mutumin tagulla na wani siririn bature da malafa a ka, ya ɗora ƙafa ɗaya bisa ɗaya a gefen teburi, kusa da shi ga kujera an bar ta babu kowa. Daga hantsi zuwa dare kujerar nan ba ta hucewa. Wannan ya zauna ya dafa kafaɗar tagulla, abokin tafiyarsa ya ƙyasta masa hoto, ya miƙe, na bayansa ya maye gurbi. Wanda aka ƙera ɗin shi ne Fernando Pessoa, marubucin waƙoƙi da aka haifa a 1888 'yan taku kaɗan daga nan, ya yi ƙuruciyarsa a Durban ta Afirka ta Kudu, ya rasu a 1935. Akasarin masu hoton suna barin wurin da tunanin sun taɓa wani abu na kaka da kakanni, alhali kuwa da yawansu sun girmi mutum-mutumin. A 1988 aka kafa shi, shekarar da Pessoa ya cika 100 da haihuwa, kuma a watan Agustan wannan shekarar ne wuta ta cinye ƙasan titin. Ruɗanin da ke kan wannan kujera shi ne ruɗanin unguwar Chiado baki ɗaya. Ana tallarta da sunan tsohuwar unguwar 'yan gayu da masu ilimi, ba kuma ƙarya aka yi ba, sai dai tsufan nata ba a bango yake ba, domin bangwayen sun zube an sake tayar da su, wasu har sau biyu. Abin da ya daɗe a Chiado shi ne halin mutanenta na komawa inda suka saba, su gyara, su ɗora daga inda suka tsaya. Baƙon da bai koyi ganin wannan gyara ba, kuɗin jirgi kawai ya ɓatar.

Da farko dai a san wurin. Lisbon gari ne na tuddai a bakin kogin Tejo, dab da inda yake zuba a tekun Atlantika. Chiado, wadda 'yan gari ke furtawa kamar "Shiyadu", tana kan gangare ne tsakanin Baixa, wato kwarin da hada-hadar kasuwanci take, da Bairro Alto, unguwar lunguna da ke can sama. Ba ta da wani faɗi, mai ƙafa zai ratsa ta cikin minti goma in bai tsaya kallo ba. Sunan an fi jingina shi ga António Ribeiro, wani mawaƙin barkwanci na ƙarni na 16 da ake yi wa laƙabi da Chiado, wanda mutum-mutuminsa ke dandalin unguwar, ya miƙo hannu kamar mai zolayar masu wucewa. A zamanin da Musulmi suka mulki garin, sama da shekara 400 suna kiransa al-Ushbuna, wannan tudu bayan ganuwa yake, don haka mai neman ginin Larabawa a nan ba zai samu ba. Abin da ya rage yana bakin mutane: tayil mai zane da ke lulluɓe fuskokin gidaje azulejo suke ce masa, daga kalmar Larabci az-zulaij. A kan tudun ne wasu daga cikin mayaƙan Kirista suka yi sansani lokacin da Afonso Henriques, sarkin Fotugal na farko, ya kewaye garin ya ci shi a 1147, nan kuma suka binne mamatansu, shi ya sa babbar majami'ar titin Garrett har yau sunanta Mártires, wato ta shahidai. Amma ginin da baƙo zai shiga yau an gama shi ne a 1784, kuma ko filin ma ba shi ne na asali ba. Suna da jama'a ne suka yi ƙaura tare.

Abin da ya tilasta ƙaurar shi ne safiyar 1 ga Nuwamban 1755. Ranar idi ce ta Kiristoci, majami'u a cike, kyandirori na ci, sai ƙasa ta girgiza. Waɗanda suka ruga bakin kogi don gudun ɓaraguzai igiyar ruwa ta taso ta kwashe su, sannan gobara ta yi kwanaki tana lashe abin da ya rage. Dubun-dubatar mutane suka halaka. Wazirin sarki, wanda daga baya aka sani da Marquês de Pombal, ya sa injiniyoyin soja irin su Manuel da Maia da Eugénio dos Santos suka sake shata gari: miƙaƙƙun tituna, benaye masu tsayi ɗaya, tagogi masu awo ɗaya, cikin kowane bango kuma an saƙa katako kamar keji, yadda in ƙasa ta sake motsi ginin zai yi lilo maimakon ya zube. Wannan fasali ne ido ke gani yau ya ce "na da ne", amma a lokacinsa shi ne sabon yayi, ginin gaggawa na garin da ya rasa makwanci. Kantin littattafai na Bertrand, wanda kundin Guinness ya amince cewa shi ne mafi daɗewa a duniya cikin waɗanda ke aiki har yanzu, an buɗe shi a 1732, girgizar ta rushe shi, ya yi zaman hijira a wani gefen gari, sai a 1773 ya dawo ya zauna inda yake a yau. Shekarun da aka ƙirga masa na sayar da littafi ne, ɗakunan nan da ke jere ɗaya na bin ɗaya kamar zaurukan gidan sarauta daga baya ya shige su. Gidan wasan waƙe na São Carlos, wanda a gabansa aka haifi Pessoa, shi ma magaji ne. Attajiran gari suka haɗa kuɗi aka buɗe shi a 1793, domin gidan wasan sarki da ke bakin kogi ya rushe watanni kaɗan bayan bikin buɗe shi.

Inda maganar ta fi fitowa fili shi ne kangon Carmo, wurin da ya fi ko'ina kwarjini a unguwar. Nuno Álvares Pereira, sarkin yaƙin da ya karya rundunar Kastila a Aljubarrota a 1385, shi ya aza harsashin wannan majami'a da gidan masu zuhudu a 1389, daga baya ya ajiye takobi ya shiga ciki ya ƙarasa rayuwarsa. Rufin ya rufto a 1755. Yau mutum zai shiga ta babbar ƙofar dutse, ya sauka 'yan matakalai, ya tsinci kansa a tsakiyar ginshiƙai da siraran bakuna da suka haɗe a sama kamar haƙarƙarin wata babbar dabba, ba rufi, sai sararin samaniya da tantabaru. Masu jagorantar baƙi sukan nuna su ce ga abin da girgizar ƙasa ta bari. Rabin gaskiya ke nan. Ƙofar da ɗakunan can ƙurya na asali ne, amma ginshiƙan tsakiya da bakunan da kowa ke ɗauka a hoto aikin sake gini ne da aka soma bayan girgizar, ya yi ta jan ƙafa, aka watsar da shi ɗungurungum a 1834 lokacin da gwamnati ta rufe gidajen masu zuhudu ta karɓe kadarorinsu. Turawan ƙarni na 19 suna da son kango, suka ga ai ya fi kyau a haka, a 1864 aka mai da shi gidan adana kayan tarihi. Ashe ko kangon Chiado ma gyararre ne. A ganina sanin haka ƙara wa wurin nauyi yake yi, domin mai kallo yana karanta zamani uku a bango guda: hannun wanda ya gina, hannun wanda ya so maidowa ya kasa, da shawarar waɗanda suka ce a bar shi haka.

Gayun da aka san unguwar da shi kuwa ƙarni na 19 ne ya kawo, shi ma a kan ragowar wasu ya shimfiɗa tabarmarsa. Gidajen zuhudun da aka karɓe su suka zama wuraren hira da ciniki. Ɗakin cin abincin masu zuhudun Trindade ya koma mashaya da gidan abinci, wani sashe na gidan São Francisco ya zama gidan adana zane-zanen zamani da aka kafa a 1911, gidan Espírito Santo kuma ya zama fadar wani attajiri, ya zama otal, ya zama katafaren kantin Armazéns do Chiado a 1894. A tsakanin waɗannan ne 'yan jarida da marubuta da 'yan siyasa suka kafa majalisunsu. Bahaushe ya san majalisa, benci a gindin bishiya ko teburin mai shayi, inda kowa ya san mazauninsa, inda ake naɗa gwamnati a tuɓe ta kafin kofi ya huce. Ƙofar kantin taba na Havaneza irin wannan wuri ce, kuma Eça de Queirós, babban marubucin labaran ƙasar, ya sha yi wa masu tsayuwa a nan shaguɓe cikin littattafansa. A Brasileira ta zo a 1905. Mai ita, Adriano Telles, garin gahawar Brazil yake sayarwa, da ya ga mutane na ɗari-ɗari sai ya riƙa dafa wa duk wanda ya sayi kilo ɗan kofi kyauta, har gyaran ya zo ya fi cinikin. Kalma ma gare su, fazer o Chiado, wato "yin Chiado": a ci ado da la'asar, a hau titin a sauko, ka ga mutane su ma su gan ka. Ba a yankar tikiti don wannan, kuma ba ya fitowa a hoto, amma shi ne abin da girgizar ƙasa da gobara suka kasa ɗauka.

Ranar Alhamis 25 ga Agustan 1988, wajen asuba, wuta ta tashi a kantin Grandella da ke titin Carmo. Katakon da aka saƙa a bango don maganin girgizar ƙasa ya zama makamashi, yadi da kwali da tukwanen gas suka ƙara mata ƙarfi. Titin kuwa ba da daɗewa ba aka hana motoci binsa, aka jera masa kujerun siminti da manyan tukwanen furanni don ƙawa, su ne suka tare wa motocin 'yan kwana-kwana hanya. Garin neman gira aka rasa ido. Wutar ta tsallaka zuwa Armazéns do Chiado, ta bi titin Garrett da Nova do Almada, ta cinye gine-gine 18. Mutum biyu suka rasu, kimanin mutum 2,000 suka wayi gari ba wurin aiki, tsohon kantin kiɗa na Valentim de Carvalho ya tafi da ajiyarsa. Akwai abin lura a ƙarancin mamatan. Yaya wuta za ta ci benaye 18 a tsakiyar babban birni, a lokacin da kowa ke barci, a rasa rai biyu kacal? Saboda kusan babu mai kwana a wurin. Benayen sama sun zama sito da ofis, masu hali sun koma sababbin unguwanni, masu sayayya sun karkata zuwa rukunin kantunan Amoreiras da aka buɗe a 1985. Unguwar ta soma mutuwa tun kafin ta ƙone, kuma rashin maƙwabcin da zai jiyo ƙauri ya yi ihu yana cikin abin da ya ba wutar damar yin nisa.

Magajin garin lokacin, Nuno Abecasis, ya damƙa aikin gyara a hannun Álvaro Siza Vieira, mai zanen gine-gine daga yankin Porto. Akwai masu ganin cewa dama ce ta samu, a share toka a kafa gine-ginen gilashi da za su nuna Lisbon ta shiga zamani. Siza bai bi su ba. Fuskokin da suka tsira ya tokare su, waɗanda suka zube ya sake su bisa awon zamanin Pombal, ciki kuma ya zuba siminti da rodi. Wanda ya tsaya a kan titi da ƙyar zai ga hannunsa, domin hannun nasa yana bayan gida. Filayen da ke tsakiyar rukunin benaye, waɗanda a da aka cushe da rumfuna da tarkace, ya share su ya mai da su tsakar gida ta kowa da kowa. Ya huda ƙofofi da matakalai masu haɗa wannan titi da wancan, ya kuma nemi a ware wani kaso na benayen don mutane su dawo su zauna, domin ya gane cutar da ta riga wutar. Shi ya zana tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Baixa-Chiado da aka buɗe a 1998, wadda matakalanta masu tafiya da kansu ke ɗauko mutum daga zurfin kusan mita 45 su sauke shi a gaban kujerar Pessoa. Armazéns do Chiado ya sake buɗewa a 1999. Kashi na ƙarshe, hanyar da ke haurawa ta bayan kantuna zuwa gindin kangon Carmo, sai a 2015 aka gama shi, shekara 27 bayan gobarar. Don haka mai ziyara ya riƙa leƙa duk wani soro da ya gani a buɗe a titin Garrett da titin Carmo. Taku ashirin ya isa hayaniya ta yanke, ya tsinci kansa a fili mai inuwa, inda bayan tsofaffin benaye da sabon dutse suka haɗu ba tare da an ɓoye ɗinkin ba.

Mai ƙorafi na farko zai ce, to ashe jabu ne. Fuskar ƙarni na 18 a kan ƙashin siminti, a bayanta kuma kantunan tufafi irin waɗanda ake samu a kowane filin jirgin sama, me ya raba wannan da dandalin shirya fim? Tambayar tana da nauyi ga wanda ya ɗauka cewa asalin abu yana cikin kayan da aka yi shi da su. Wanda ya tashi a gidan ƙasa kuwa ya san wani ma'aunin. Soron da ake yi wa yaɓe duk shekara kafin damina, bayan shekara 100 da wuya a samu ko tafin hannu na ƙasar farko a fuskarsa, amma ba wanda ya taɓa cewa ya daina zama gidan kakanni. Wanda aka daina yi wa yaɓe shi ke komawa kufai. Lisbon ma tana da nata misalin a ƙarƙashin ƙafa, wato daɓen titi da suke kira calçada. Ƙananan duwatsu ne farare da baƙaƙe, kowanne bai kai dunƙulen hannu ba. Mai daɓe yana duƙe a kan 'yar guntuwar kujera da ƙaramar guduma, ya ɗauki dutse a tafin hannu, ya ƙwanƙwashe gefensa har ya dace da na kusa, ya dasa shi, ya buga, ya miƙa hannu ga na gaba. A shekarun 1840 aka soma, fursunoni ne suka shimfiɗa na farko-farko, ciki har da zanen igiyar ruwa na dandalin Rossio. Duwatsun suna cinyewa, suna ficewa, ana tone su don gyaran famfo a mayar, har ba mai iya rantsuwa cewa dutsen da ya taka na shekara kaza ne. Zanen da sana'ar su ke wanzuwa, kuma abin da ke damun garin yau shi ne masu sana'ar sun yi ƙaranci.

Sai dai gyara dabam, kwaskwarima dabam, kuma Lisbon ta koyi bambancin da hawaye. Tuddan garin sun sa tun ƙarshen ƙarni na 19 aka ƙera na'urorin hawa. Wadda ta fi suna ita ce Santa Justa, hasumiyar ƙarfe mai tsayin mita 45 da aka buɗe a 1902 don ɗaga mutane daga Baixa zuwa dandalin Carmo, da tururi ta soma aiki kafin a sa mata lantarki. Ana yawan cewa Eiffel mai hasumiyar Paris ne ya yi ta, alhali Raoul Mesnier du Ponsard ne, haifaffen Porto. Don ma'aikata da masu cefane aka yi ta, su huta da hawa, amma masu yawon buɗe ido suka mai da ita abin kallo, a yi dogon layi a rana don hawan da bai wuce ƙiftawar ido ba, bayan kuwa mai ƙafa zai bi ta gangaren Sacramento ya isa dandalin cikin 'yan mintuna. Ranar 3 ga Satumban 2025, taragon Glória, wanda ya soma hawa zuwa Bairro Alto a 1885, igiyar ƙarfen da ke riƙe da shi ta kwance, ya gangaro a guje ya daki gini, mutum 16 suka rasu, akasarinsu baƙi daga ƙasashen waje. Rawayan fentinsa ya shiga hotuna ba adadi, igiyar kuwa a ƙarƙashin titi take, inda kyamara ba ta leƙawa.

Mai ƙorafi na biyu ya fi na farko gaskiya. Zai tambaya, gumin wa ya biya wannan ƙawa? A tsakiyar ƙarni na 16, wani ƙiyasi na lokacin ya nuna kusan mutum ɗaya cikin goma a Lisbon bawa ne, akasari daga Afirka. In mutum ya hau taragon lamba 28 daga Chiado ya gangara yamma, zai bi ta kusa da wani titi mai suna Poço dos Negros, "rijiyar baƙar fata", sunan da masana tarihi da dama ke dangantawa da umarnin sarki Manuel na 1515 cewa a haƙa ramin da za a riƙa jefa gawawwakin bayi. A bakin unguwar ta arewa akwai majami'ar São Roque, cikinta akwai wani ɗakin ibada da aka ƙera a Roma a shekarun 1740 da duwatsu masu daraja, aka kwance shi aka loda a jiragen ruwa zuwa Lisbon. Zinarin Brazil ne ya biya, bayi kuma suka haƙo shi. Wannan tarihi bai tsallake mu ba, domin cikin waɗanda aka kai Bahia ta Brazil a ƙarƙashin tutar Fotugal akwai Hausawa, su ne ma suka kitsa yunƙurin tawayen 1807 a birnin Salvador. Ba a rubuta komai daga wannan a fuskar kantuna ba. To amma wannan hujja ce a kan mai kallon sama-sama, wanda ya zo neman kyau kawai. Wanda ya saba tambayar kowane bango "me ke nan kafin kai?" dole tambayar ta kai shi ga rijiyar nan.

Tambayar za ta kai shi har titin António Maria Cardoso, wani titi mai tsit a bayan gidajen wasa, inda hedkwatar 'yan sandan asiri na PIDE take a zamanin mulkin kama-karya na Salazar. A nan ake tsare mutane a hana su barci kwana da kwanaki. Ranar 25 ga Afrilun 1974, ƙananan hafsoshin da suka gaji da yaƙe-yaƙen mallaka a Angola da Mozambik da Gini Bisau suka yi juyin mulki. Firaminista Marcelo Caetano ya fake a barikin da ke manne da kangon Carmo, kyaftin Salgueiro Maia ya kewaye shi da motocin sulke, jama'a suka cika dandalin har kan bishiyoyi, kafin faɗuwar rana mulkin shekara 48 ya miƙa wuya. A unguwar ne wata ma'aikaciyar gidan abinci, Celeste Caeiro, ta miƙa wa sojan da ya roƙe ta taba wani jan fure, ya soka shi a bakin bindiga, juyin ya samu suna daga furen. Jinin da aka zubar a ranar a ƙofar PIDE aka zubar da shi, inda jami'anta suka buɗe wuta ta taga suka kashe mutum huɗu. Ginin yanzu gidajen alfarma ne na masu kuɗi, allon da ke ɗauke da sunayen mamatan ma sai da mutane suka yi ta ƙorafi aka mayar da shi. Wannan shi ne gyaran da ya zama shafe sawu, kuma ban ga yadda za a kare shi ba.

Ƙorafi na uku shi ne mafi wuya, domin baƙon kansa yake tuhuma. In tsufan Chiado yana cikin mutanenta ne, ina mutanen? Birnin Lisbon yana da mazauna sama da 800,000 a 1981, a ƙidayar 2021 sun koma kimanin 545,000, kuma gundumomi biyun da Chiado ke tsakaninsu, Santa Maria Maior da Misericórdia, kowacce ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin biyar na jama'arta cikin shekara goma kacal. Shekaru da dama doka ta daskarar da kuɗin haya, abin da ya riƙe tsofaffi da ƙananan 'yan kasuwa a wurin amma ya sa masu gidaje suka daina gyara. Bayan ƙasar ta karɓi bashin ceto a 2011, dokar haya ta 2012 ta kwance wannan ƙulli, sai ga masu zuba jari da hayar 'yan kwanaki irin ta Airbnb. Adalci ne a faɗa cewa kuɗin baƙi ya ceci benaye da yawa da ke shirin faɗuwa. Amma benen da aka gyara aka cika da mutanen da za su tafi jibi bai bambanta sosai da siton 1988 ba, duka biyun ba su da maƙwabci. Hukumar gari ta ɗan motsa: tun 2015 tana da shirin Lojas com História na kare tsofaffin kantuna, tana kuma karɓar harajin kwana daga baƙi, wanda ya tashi daga yuro 1 a 2016 zuwa yuro 4 a 2024. Bai isa ba, tsofaffin kantuna na ci gaba da rufewa. Duk da haka ban yarda cewa maganin shi ne baƙo ya zauna a gida ba, domin Chiado tun asali kasuwa ce da majalisa, Faransawa ne ma suka kafa Bertrand, Italiyawa ke da majami'ar Loreto da ke bakin dandali. Abin da ke kashe kantin littattafai shi ne mutum dubu su shiga su ɗauki hoton kanta su fita hannu rabbana, su tsallaka su kashe kuɗinsu a inda ake sayar da abin da ke akwai a garinsu.

A ƙasan titin Carmo, 'yan taku daga inda wutar ta tashi, akwai wani kanti da aka manna a jikin katangar da ke tokare da tudun. Luvaria Ulisses sunansa, tun 1925 safar hannu ta fata kaɗai yake sayarwa, kuma ƙanƙantarsa ta kai in mutum biyu suka shiga, na uku sai ya jira a titi. Mai saye ba ya ɗaukar kaya da kansa. Zai kafa gwiwar hannunsa a kan wani ɗan matashi da ke bisa kanta, yatsu a sama. Mai kantin ta dubi hannun ta ƙiyasta awonsa, ta jawo aljihun katako ta zaro safa, ta zura wani ɗan icce mai kama da almakashi cikin kowane yatsa ta buɗa shi, ta barbaɗa hoda, sannan ta sa masa da kanta, yatsa bayan yatsa, tana lallaɓa fatar har ta kwanta. In ba ta zauna daidai ba, a cire a gwada wata. Na waje suna leƙe ta gilashi, wasu da waya a ɗage, wasu suna jiran layinsu ya zo.